Faifan Ƙasan Rumbu

Ranar Alhamis ce, ranar babbar kasuwa, a ƙarshen bazarar 2010. Tun da safe hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, har masu rumfuna suka fara janye kayansu ciki. Kafin hantsi iska ta watsa shi, ta bar rana tana dukan kwanon rufi kamar da gayya. Illa na tsugune a rumfarsa ta bakin Kasuwar Dole, ya cire murfin kwamfutarsa yana yi wa cikinta fifita da mafici.

Kolo, telan da suke jan kuran, wato wutar lantarki, a waya ɗaya, ya leƙo ya ce da ya san fifita ce sana'ar, da ya kawo masa kakarsa, ita ma zafin na damunta, kuma ita ba ta cin kuran. Illa ya ce ya koma ya gama wandon da ya karɓa tun azumin bara.

Sana'ar Illa zuba wa mutane waƙoƙi da fina-finai ce a kart ɗin salula, wato wayar hannu. Ya bar lekol, makarantar boko, a shekararsa ta biyu a kwaleji, ya taɓa gareji, ya taɓa sayar da mai a kwalba, bai zauna ko'ina ba sai a siber ɗin Istifanus, shagon shiga intanet. Shi ya koya masa Linux, tsarin nan da ake rabawa kyauta, domin kart ɗin mutanen Damagaram cike suke da birus mai lalata kwamfuta, ita kuwa Linux ba ruwanta. Da Istifanus ya koma Yamai ya bar masa tsohuwar kwamfutar nan. Yanzu wannan sana'ar ma Illa ya fara gajiya da ita. Ya riga ya yi magana da wani direba mai zuwa Agadas kan zai bi shi arewa, bai dai faɗa wa kowa ba.

Jiya hannunsa ya yi ƙaiƙayi ya sabunta tsarin, ba don wani abu ya lalace ba. Tun daga nan duk fim ɗin da ya kunna sai mutanen ciki su fito shuɗaye.

Yana cikin fifitar aka yi sallama. Mahaifinsa ne, Malam Nomau, daga Gidimuni. Ya rame, rigar ta yi masa yawa, farar yanar da ke idonsa ta ƙara kauri. A hannunsa akwai igiya naɗe, ba komai a ƙarshenta. Illa ya kalli igiyar bai tambaya ba. Ya san bijimi ɗaya ya rage a gida, ya kuma san inda ake kai shanu ranar Alhamis.

Bayan gaisuwa da shan ruwa, tsohon ya ciro wani ƙunshi daga aljihu, ya warware tsohon ɗankwali. Faifan bidiyo ne, da takarda manne a bayansa mai hoton jariri. Illa ya gane shi nan take: sunan ɗan farin yayarsa Balki, shekara bakwai da suka wuce, lokacin da aka ɗauko mai bidiyo tun daga birni. Bayan rasuwar mahaifiyarsu, Inna Barira, an birkice ɗakinta ana neman faifan nan, ba a gan shi ba.

Malam Nomau ya ce a rumbu yake. Ita ta ɓoye shi can ƙasa, cikin ƙaramar kwalla, saboda gobara da hannun yara. Rumbun gidansu kuwa bai taɓa kai ƙasa ba tun da aka gina shi. Kowace kaka sabon dami ake ɗorawa kan tsoho. Bana ne aka ci har aka share daɓe da tsintsiya.

"Ka ga dai," in ji shi, "yunwa ma ta kawo tsarabarta. Sa mini in ga uwarku. Motarmu bayan la'asar za ta tashi, idon nan kuma ban san ko zai kai wata kasuwar ba."

Illa ya goge faifan da gefen rigarsa ya sa. Na'urar ta yi gurnani, ta yi shiru, sai ga kiɗan ƙwarya. Ya buɗe hoton ya cika ekran, ya jawo wa mahaifinsa kujera har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

Ga tsakar gidansu, ga mata suna kai da kawo da ƙoren fura. Mai bidiyon ya juya ta kan danga: tafki cike har bakin gonakin rake, dabinai a jere, shanu suna saukowa shan ruwa. Sai dai sama ta fito ja-ja kamar jan ƙasa, ruwan tafkin ma haka, mutane kuwa kowa shuɗi. Sannan ga Inna ta fito daga madafa tana goge hannu, tana ce wa mai bidiyo ya kawar da abin nan daga fuskarta, ita ba amarya ba ce.

Kunya ta kama Illa. Ya fara bayani cewa laifin pilot ne, ɗan shirin da ke sa kwamfuta ta fahimci kart ɗin hoto, ja da shuɗi ne suka yi musaya. Tsohon bai ji shi ba. Dariya yake yi ƙasa-ƙasa, kafaɗunsa na motsi.

Ya ce haka ya fara ganinta. Ranar da aka kawo ta gidansa lulluɓe take da sabon turkuɗi, ga zafi, ga kuka. Da aka yaye mayafin, shunin ya zuba mata har wuya. Kwana uku tana wanka bai fita ba, ƙannensa suna kiranta ƴar marina. Ita kuwa ta ce ai tsadar zanen ce ta fito, wanda bai da shi ba ya baƙi.

Kolo, da ya bar kekensa ya zo kallo, ya ce to ai kwamfutar ta fi mai ita sanin tarihi.

Illa ya yi murmushi, amma ransa bai kwanta ba. Shekara biyar da rasuwarta, fuskarta ta fara ɓace masa; in ya rufe ido muryarta kawai yake samu. Yana son ya gan ta yadda take. Ya kuma tuna can wajen ƙarshen faifan akwai inda ta kamo kunnensa ta jawo shi gaban mai bidiyo, tana cewa a ɗauki ɗan lekol, ya yi musu Faransanci su ji. Nan ne kaɗai suke tare. Ba ya son ya ga wannan wurin da shuɗiyar fuska.

Ya tsayar da hoton.

"Bar shi haka, Illa. Ina ganinta."

"Yanzun nan, Baba. Ba zai daɗe ba."

Dokar Istifanus ta farko ita ce, duk abin da aka kawo maka, kwafe shi kafin ka taɓa komai. Illa ya tuna da ita. Amma cikin kwamfutar cike yake da fina-finan Indiya, sai ya share wasu kafin ya sami wuri, ga shi yana sauri. Ya bar faifan a ciki, ya cire pilot ɗin, ya sa wani da ya taɓa saukowa da shi, ya kashe ya kunna.

Ekran ya dawo baƙi, sai ƴan fararen haruffa a sama da ɗan layi yana ƙyaftawa. Ya buɗe fayil ɗin da ke riƙe da saitin ekran, ya canja layi, ya sake kunnawa. Hoto ya zo a karkace, rabinsa ya faɗa gefe. Ya sake. Wannan karon komai ya yi ƙato, taga ɗaya ta fi ekran ɗin girma. Gumi na ɗiga daga haɓarsa kan maɓallan. Yana cikin rubuta wani umarnin aka ɗauke kuran.

Duk layin rumfunan ya yi tsit, sai tsakin teloli.

Suka je suka yi azahar, suka dawo suka zauna a inuwar bango da ƙwaryar fura a tsakaninsu. Malam Nomau bai yi masa faɗa ba. Hira ya yi ta yi, a hankali, yana wasa da igiyar. Ya ce tafkin ya ja da baya har yara na buga ƙwallo inda dā ake jefa taru. Ya ce gidan Idirisu sun rufe ƙofa da kara sun yi kudu, gidan Suma'ila ma. Ya ba shi labarin shekarun da ake kawo rake Damagaram a kan jakuna, uwarsu tana zaune bakin gona tana ɓare wa yaran mutane har ya ce za ta karya shi. Ya tambaye shi ko gaskiya ne abin da Balki ta ji, wai yana shirin arewa. Illa ya ce magana ce kawai. Tsohon ya ce to, ya ci gaba da shan furarsa.

Rumfar kuwa ta zama tanda. Faifan na cikin na'ura a rufe, ƙarƙashin kwano. Sau biyu Illa ya tashi ya taɓa ƙarfen ya janye hannu.

Ya kira Istifanus. Da ya gama ji sai ya yi dariya daga Yamai, ya ce wa ya aike shi taɓa pilot? Ya mayar da na dā. A cikin shirin kallon bidiyon akwai wurin zaɓar hanyar fitar da hoto; ya sauya ta daga ta kart zuwa ta gama-gari, shi ke nan, launi zai dawo, sai dai hoton ya ɗan yi nauyi. Sannan ya ce, "Ka dai kwafe faifan, ko?"

Illa ya juya ya kalli rumfar.

"Illa."

"Kuran ya dawo, Malam. Zan kira ka."

Ya dawo ɗin kuwa, ana gab da kiran la'asar. Kwamfutar na tashi na'urar faifan ta fara juyawa da kanta, sai wata ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Illa ya danna maɓallin fitarwa, ya ƙi. Ya cire waya daga bango, ya karɓi allura wurin Kolo, ya zura a ɗan ramin da ke gaban na'urar, tiren ya fito.

Zafi ya ɗaga takardar da ke manne a bayan faifan, gefenta ya naɗe ya maƙale a ciki. Da ta yage, ta tafi da azurfar da ke ƙarƙashinta. Ɓarɓashinta na kan tiren kamar ɓawon kifi. Illa ya ɗaga faifan sama, ya hango kwanon rufi ta cikinsa. Ƴar da'ira ce kawai ta rage a tsakiya.

Kolo ya matso. Ya karɓi allurarsa ya koma rumfarsa.

Illa ya mayar da tsohon pilot ɗin, ya share fina-finan Indiya ba tare da ya duba sunayensu ba, ya yanke ragowar takardar da reza, ya hure na'urar, ya sa faifan. Daga tsakiya faifai ke fara karatu, don haka farkon ya kwafu. Ya tafi, ya tafi, ya tsaya. Ya gwada sau uku, wuri ɗaya yake tsayawa: daidai inda suka riga suka gani, da ɗan ƙari kaɗan.

Ya faɗa wa mahaifinsa gaskiya, kansa a ƙasa. Malam Nomau ya sake naɗe igiyar a hannunsa. Daga baya ya ce Allah ya ƙaddara iya rabonsu ke nan, a sa abin da ya samu.

Illa ya sauya hanyar fitar da hoton kamar yadda Istifanus ya ce. Sama ta koma sama, tafki ya koma ruwa, raken kore shar. Inna ta fito daga madafa. Baƙa ce, siririya, da tsagar gefen ido, da furfura kaɗan a gaban ɗankwali da bai taɓa lura da ita ba. Ta harari mai bidiyo, bakinta na son dariya. Illa ya tsayar da hoton a nan ya kalla, ya kalla, har ya ji ta zauna masa.

Tsohon ya matso, ya karkata kai dama, ya karkata hagu. A inuwar madafar, baƙar fuskar ta haɗe masa da bango.

"Ina take?"

"Ga ta nan, Baba. Ga fuskarta."

Ya ƙara matsowa, ya girgiza kai. "Wannan taka ce. Mayar mini da tawa."

Illa ya koma cikin saitin, ya mayar da kuskuren da hannunsa. Fuskar ta haska shuɗiya a cikin duhun madafar. Malam Nomau ya gyara zama. Sau huɗu aka maimaita masa, yana motsa baki tare da ita duk lokacin da ta ce ita ba amarya ba ce. A na ƙarshen, ɗan ƙarin ya nuna ta juya tana ƙwala kira, "Ina Illa ya shiga?" sai hoton ya daskare.

Illa ya raka shi tasha. Ya ce zai nemo masa salula mai nuna hoto ya zuba masa ita. Tsohon ya ce idonsa ba zai ga abu ƙarami haka ba, kuma a salula ai baƙa za ta fito. Ya bar ta nan cikin akwatin kwamfutar, kada ya gyara shi, kada ya sayar. Duk Alhamis ɗin da ya sami mota zai zo ya gaishe ta. Ya miƙa masa igiyar ya ce ya ajiye, ba ta da aiki a gida.

Da ya dawo rumfa ya tarar direban Agadas ya aiko a tambaya ko a riƙe masa wuri ranar Asabar. Illa ya rataye igiyar a ƙusa, ya mayar wa kwamfutar murfinta, ya ce a gaya masa ya ba wani.

Ruwa bai sauka ba sai bayan sati uku. A wannan shekarar gidan Malam Nomau ya rasa shanu bakwai, biyar yunwa ta ci, biyu kasuwa. Ya rasa awaki goma sha ɗaya, da gonar rake, da maƙwabta gida biyu, da minti arba'in da ɗaya na faifan. Minti shida suka rage.