Ranar da Inna Ta Fitar da Gado

Wana Suhaibu kalma ɗaya ya ji a asibiti a Kano, ya dawo Beli ya kwanta. Likita ta ce ciwon bayansa na gado ne, bai tsaya jin sauran ba. Mun ga yadda ciwon ya yi da mahaifinmu Baffa: ƙashin bayansa ya haɗe, ya ranƙwafa, har ya rasu ƙasa yake kallo. Suhaibu ya ce tunda haka ne a sayar da shanun huɗarsa, ya aika wa Mijinyawa dillali. Ga ruwa ya sauka, gonar gyaɗa na jira. Haushi ya ishe ni, ƙato kamar wannan!

Mahaifiyarmu Inna Hajo da Fillanci ta tashi. A kunnenta, gadon iyaye da gadon kwanciya duk abu ɗaya ne. Ta bari ya zaga bayi, ta sa ni muka ciccibi gadon muka jingine a zaure.

"Inna, ina gadona?"

"Ba shi likita ta ce yana sa maka ciwon ba? Ni dama na lura. Da safe kake tashi kamar itace, in ka zazzaga sai jikin ya saki."

Suhaibu ya buga wa Likita Murja waya, wai ta fahimtar da tsohuwa. Bayan gaisuwa ya kwashe labari ya faɗa mata, ta yi dariya har da tari.

"Malam Suhaibu, Inna ta ji ba daidai ba, amma ta gani daidai. Ka gaji ƙwayar halittar, wannan gaskiya ne. Sai dai mutane da yawa na ɗauke da ita har tsufa ba su san ciwon ba. Akwai alamomin da jiki ke ɗora mata, su ƙara mata murya ko su rage, kamar rediyo. Har yanzu bincike ake a kansu. Abin da muka tabbatar, yawan kwanciya da shan taba na ƙara ciwon, motsa jiki da magani na sassauta shi."

Sai Suhaibu ya tambayi abin da ke cin sa. "Zan ranƙwafa kamar Baffa?"

"Ba zan yi maka alkawari ba. Amma Baffa bai samu magani ba, kuma kwantar da shi aka yi saboda tausayi. Kai kana da zaɓi."

Washegari Mijinyawa ya zo da igiyoyinsa, ya tarar da turke wayam. Daga ƙofar gida ana hango Suhaibu bayan garma, yana tafiya a hankali, yana tsayawa ya miƙe bayansa, ya ci gaba. Ni dai hawaye ya zo mini, na wayance da shara.

Inna ta leƙo zaure. "Sannu da zuwa, Mijinyawa. Shanu suna aiki. In gado kake so, ga shi nan, ɗauka."