Bobin Mai Gashin Baki

Tun da aka karya darajar kuɗin sefa Ilyas ya kasa zama wuri ɗaya. Ya gama makaranta, aiki babu, sai ya wuni yana shiga yana fita a rumfar mahaifinsa da ke unguwar Oloumi. A nan Malam Sabitu ke sassaƙa 'yan mutum-mutumi da tsofaffin bobin, katakon nan da teloli ke yarwa in zare ya ƙare. Masunta, 'yan dako, mata masu talla, duk ba fuska. Bai taɓa yanka ido ko baki ba. Ya ce wannan aikin Mahalicci ne.

"Baba, jiya an kwashe Saliou tela, ku kuwa sai 'Allah ya kyauta'! Har yaushe?"

"Mu baƙi ne, Ilyas. Miƙo min samfefa."

"Ni a nan aka haife ni!"

"To, madalla. Miƙo."

Bai kai ga miƙawa ba motar masu kamen baƙi ta tsaya a bakin layi. Wani mai kaki ya shigo, ya nemi katin zama. Na Malam Sabitu ya ƙare tun bara. Mai kakin ya ɗauki mutum-mutumin wani masunci, ya jujjuya, ya yi dariya. Da Faransanci ya ce a sassaƙa shi, da hularsa da gashin bakinsa, kafin motar ta cika. In ba haka ba, tsoho ya hau.

Ilyas ya fassara. Malam Sabitu ya ajiye wuƙa, ya shiga laluben takalmansa.

"Baba, me kake yi?"

"Ba na yin fuska. Ka ce wa uwarka ta aiko min da bargo."

Wata da watanni Ilyas yana tanadin maganar da zai gasa wa irin mutumin nan, ga ta nan cike da bakinsa. A waje ana tura wani ɗan Mali cikin mota, matarsa na kuka. Ilyas ya haɗiye maganar, ya zauna a kujerar ubansa, ya ɗauki wuƙar. Ya fitar da ido, da hanci, da gashin baki. Har tumbin ya rage masa, ya ƙara faɗin kafaɗa.

Mai kaki ya duba, ya washe baki, ya dafa kan Ilyas.

"Yaron kirki. Gobe abokaina za su zo, su ma suna so."

Motar ta tashi ba Malam Sabitu. Tsohon ya tsaya da takalmi ƙafa ɗaya, ya ƙi duban ɗansa. Ilyas ya miƙe, ya leƙa titi, ya dawo, ya jawo buhun bobin, ya fara zaɓen masu kauri.