Habi Ungozoma da Ƙafar Yayanta

A shekarun da Turawa ke ɗibar samari zuwa yaƙin Bama, akwai wata ungozoma mai suna Habi a wani ƙauyen masunta da ke bakin Gulbin Rima, tsakanin Wurno da Goronyo. Ta kai shekara talatin tana karɓar haihuwa, har ya zama rabin magidantan ƙauyen ita ta yanke musu cibiya. An san ta da taurin zuciya. Jini ba ya ɗaga mata hankali, mabiyiya kuwa da hannunta take ɗauka ta binne, ta wanke hannu ta zauna ta sha furarta. Abu ɗaya ne ya gagare ta kallo, shi ne ƙafar yayanta Bube.

Bube masunci ne a da, mai barkwanci da son gardama. Kuturta ta kama shi yana tsakiyar ƙarfinsa, ta cinye masa yatsun hannu, ta buɗe masa gyambo a tafin ƙafar dama wanda ya ƙi rufewa. Matarsa ta koma gidansu a Tursa. Mutanen gari suka kafa masa bukka can bayan gonakin albasa, shekara shida ke nan. Kullum da hantsi Habi ce ke kai masa abinci. Takan ajiye ƙwaryar bisa wani dutse, ta ja baya ta tsaya ta inda iska ba za ta kawo mata ɗoyi ba, ta gaishe shi daga nesa, ta juya. Tana jin kunyar hakan, amma ko ta yi niyyar matsawa sai zuciyarta ta tashi.

Wata rana ta iso sai ta ga keke jingine da bukkar. Wani baƙo ne zaune a ƙasa, baƙi siriri, da gajeren wando irin na ma'aikata, ya ɗora ƙafar Bube bisa cinyarsa yana goge mugunya da auduga. Gefensa ga tasa cike da wani ruwan magani mai launin shuni. Sunansa Istifanus, Bahaushe ne daga ƙasar Zazzau, Kirista, yana aiki a wurin jinyar kutare na 'yan mishan da ke kusa da Sakkwato. An ba shi zagaye ne, daga Rabah zuwa Wurno zuwa Goronyo, yana bin waɗanda suka ƙi zuwa can, yana yi musu allura yana wanke musu miki. Ya gaishe ta da ladabi, ya kira ta Inna. Da ya gama ɗaure ƙafar ya wanke hannunsa da sabulu, Bube ya tura masa ƙwaryar furar da ta kawo, shi kuwa ya ɗauka ya kafa kai. Habi ta kau da fuska. Ranar ba ta iya cin tuwo ba.

Daga nan duk bayan mako biyu sai ya zo. Ƙafar ta fara tsotsewa, ɗoyin ya ragu, Bube ya koma yin dariya har ana jiyo shi daga cikin albasa. Da yake ba ya iya kame bakinsa, shi ya fara tono. Ya tambayi baƙon wane irin littafi ne yake ɗauke da shi a jakar magani. Habi tana tsaye wajen dutsenta tana ji. Istifanus ya ce littattafai ne da yawa aka haɗa wuri ɗaya, mutane daban-daban suka rubuta cikin zamanai masu nisa, wani sarki, wani makiyayi, wani likita, waɗansu kuma masunta, amma Ruhun Allah ne ya bi da su, don haka a wurinsu maganar Allah ce, kuma da ita suke auna kowace magana. Bube ya yi ta murna da jin an ambaci masunta. Habi kuwa ta tuna hannun masuntan da ta sani, da ƙarnin da ba ya barinsu ko sun yi wanka, ta tuna yadda malaman Wurno ba sa taɓa takarda sai da alwala. Ta tsartar da yawu ta tafi.

Abin da ya kawo ƙarshen zuwansa ya faru ne ranar wata Laraba, gab da faɗuwar damina. Tun da safe aka kira Habi gidan wani mai saƙar taru, matarsa Adama na naƙuda. Haihuwar ta zo da gardama. Matar ta yi kashi ta yi fitsari a kan tabarma, jini ya jiƙa Habi har gwiwar hannu, yaron ya fito shuɗi, lulluɓe da majina, sai da ta tsotse masa hanci da bakinta kafin ya yi kuka. Ta wanke jikinta sama-sama ta ɗauki abincin Bube, rana ta riga ta take.

Ta tarar da su cikin magana. Bube na tambaya ko gaskiya ne alloli uku suke bauta wa. Istifanus, yana naɗe bandeji, ya ce a'a, Allah ɗaya ne, babu wani, amma ya bayyana kansa Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kuma kalmar ɗa ba ta nufin Allah ya yi aure ko ya kusanci mace. Ya ce Ɗan shi ne Kalmar Allah, wanda yake tun babu komai, sa'an nan ya ɗauki jikin mutum, ya kwanta wata tara a cikin Maryamu, aka haife shi yadda ake haihuwar kowa.

Habi ba ta san lokacin da ta wuce dutsen ba. Ba ta taɓa matsowa kusa haka ba.

"Kai bawan Allah, mi kac ce? Yadda aka haihuwar kowa?"

"Haka muka gaskata, Inna."

"Ka taɓa ganin haihuwa? Ni yanzu-yanzu daga can nike. Ka san hanyad da ɗa ka hitowa, ka san abin da ka rakiyatai? Dubi ƙumbana, har yanzu da jini. Cikin wagga ƙazanta za ka sa Ubangijin da yay yi sama da ƙasa? A yanke mai cibiya, a goge mai gindi?"

Istifanus bai ɗaga murya ba. Ya ce bai taɓa gani ba, amma ya yarda da duk abin da ta faɗa, kuma a wurinsu nan ne girman abin yake, cewa Allah bai tsaya daga nesa ba, ya shigo har inda ƙazantarmu take don ya cece mu, ya ji yunwa, ya gaji, ya sa hannu ya taɓa kuturu, ya mutu, ya tashi. Habi ta ja da baya. Ta ce Annabi Isa sun san shi, suna girmama shi, ya warkar da kutare da izinin Allah, amma Allah ya tsarkaka daga ciki da mahaifa. Ta yi ta'awizi, ta dire ƙwaryar har furar ta fantsama, ta tafi.

Ta gaya wa mijinta Yari tun kafin ta zauna. Yari ya kai wa dattawan gari bayan la'asar. Kowa ya yi tir. Aka tuna cewa sharaɗin da aka yi da Turawa magani ne, ban da wa'azi, aka aika da magana sama wurin hukuma. Da Istifanus ya dawo bayan mako biyu, dattawa huɗu, har da Yari, suka tare shi a bakin hanya suka ce wannan zuwan shi ne na ƙarshe. Bai yi musu ba. Ya ce tambayarsa aka yi ya ba da amsa, amma ya ji. Ya roƙi a bar shi ya wanke ƙafar sau ɗaya, aka bar shi. Ya lallashi Bube ya bi shi wurin jinya, Bube ya ce shi a bakin gulbin nan aka haife shi, nan zai mutu. Kafin ya hau keke ya ajiye gwangwanin garin magani da ƙullin bandeji, ya yi wa Habi bayanin yadda ake jiƙawa da yadda ake ɗaurewa. Ta tsaya tana kallon gefe. Daga baya aka ji an mayar da shi wani wuri can kudu.

Ruwa ya sauka. Bukkar ta fara yoyo, ƙasa ta yi laushi, Bube kuma da dungulmin hannu ba ya iya kwance ɗauri balle ya sake wani. Cikin kwana ashirin ɗoyin ya dawo fiye da da, har masu zuwa fadama suka canja hanya. Wata safiya Habi ta hango bandejin ya yi baƙi, ƙudaje sun rufe shi, kuma gefensa yana motsi.

Ta koma gari ta bi dattawan nan ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya ce aikin dangi ne. Na biyu ya ce zai sa a yi addu'a. Na uku ya ba ta labarin ladan mai jinya, ya daɗe yana bayani, yana yi yana toshe hanci da gefen rawani, ko da yake bukkar na can nesa da shi. Yari ya ce ita ta san cikinsa ba ya ɗaukar irin wannan. Habi ta dube shi, mutumin da ya fi kowa ɗaga murya ranar da aka tare baƙon, ta ji wata ƙyama ta taso mata wadda ta fi ta gyambon. Ta ji har da kanta a ciki, don ita ta kai maganar, kuma shekara shida tana ajiye wa ɗan'uwanta abinci a kan dutse kamar mai ba kare.

Ta ɗebi ruwan zafi a tulu, ta ɗauki askarta ta yankan cibiya, ta koma. Ta zauna a ƙasa ta jawo ƙafar. Da ta yanke bandejin, tsutsotsi suka zubo mata a zane, farare, masu ƙiba. Ta tashi da gudu ta yi amai a bayan bukka har sai da ta ga kumallo. Ta kurkure baki ta dawo. Ta jiƙa garin maganin yadda ta ji an faɗa, ta tsoma ƙafar, ta riƙa tsince tsutsar da tsinke, tana kankare ruɓaɓɓen nama. Bube ba ya jin komai a wurin, sai kallon ta yake yi. Sau uku tana tashi yin amai.

Tana cikin ɗaurewa ya yi magana, a hankali.

"Habi, ke zaci na bar sallata?"

Ta ci gaba da naɗe bandejin.

"Ko sau guda ban bari ba, da taimama nika yi. Tambayatai nika yi don shi ɗai ka zama shi amsa min. Shekara shida ba wanda yay yi gardama da ni."

Ta ce ai da ya tambaye shi labarin Zazzau, ba zancen da zai sa mutum ya kasa cin abinci ba. Bube ya yi dariya ya ce ya tambaya, labarin Zazzau ɗin bai kai rabin wannan daɗin musu ba. Ya ce shi ma bai yarda Allah ya shiga ciki ba, amma ya kwana biyu yana mamakin yadda mutum zai gaskata haka har ya sa shi tuƙa keke daga Sakkwato ya zo ya rungumi ƙafar da 'yan'uwa suka gudu. Habi ta ja ɗaurin da ƙarfi ta ce ya yi mata shiru.

Tun daga ranar ita ke wankewa, duk bayan kwana uku. Ba ta taɓa sabawa ba. Kowane zuwa sai zuciyarta ta tashi, ta koyi zuwa da ciki wofi da ɗan goro a kumatu. Ra'ayinta game da maganar baƙon bai canja ba ko kaɗan. In tana karɓar haihuwa abin ya faɗo mata a rai, sai ta yi tsaki ta nemi tsari. Da garin maganin ya ƙare, ta sami wani falken albasa mai suna Lawwali da ke zuwa Sakkwato, ta ce ya biya wurin masu jinyar ya ce ƙanwar Bube na son magani, magani kaɗai, ba ta son kowa ya biyo shi. Bayan kwana tara ya kawo mata gwangwani biyu da bandeji, babu wani saƙo.

Bube ya ƙara shekara biyu da 'yan watanni. Ya rasu da kaka, ana cikin yankan gero, da kalmar shahada a bakinsa, Habi na riƙe da kansa. Tsoffin abokan sunsa biyu suka yi masa wanka, aka yi masa salla aka binne shi. Dattawan nan sun zo gaisuwa, ta amsa musu daga bayan zana, a taƙaice.

Bayan haka labari ya bazu cewa ungozomar ƙauyen ta iya wankin gyambo. Mata suka fara zuwa daga Marnona da Sisawa, wata don mijinta, wata don uwarta. Habi ba ta taɓa cewa tana son aikin ba. Takan bi su tana mita tun daga gida, ta zauna ta yi wankin farko tana yamutsa fuska tana tofar da yawu, sa'an nan ta miƙa wa mai ɗan'uwan audugar, ta tsaya a kanta har sai ta sa hannu.