Ruwa Iya Idon Sawu

Gandonu na tsaye cikin tafki, ruwa iya idon sawu, ya rungume doya guda a ƙirji yana karkarwa kamar kazar da aka tsamo daga randa. Mutumin da ko wanka sai an yi da gaske, yau ga shi ya shiga ruwa da ƙafarsa, ba wanda ya roƙe shi.

Abin da ya shigar da shi yana nan a bakin gaɓa: mayaƙan Dahomi, da bindigogi da igiyoyi, masu kama mutane su kai bakin teku su sayar wa Turawa. Da hantsi suka faɗo wa gonaki, ya ranta a na kare, suka rufa masa baya. Da ya ga babu gaba sai ruwa, ya runtse ido ya taka. Su kuwa suka tsaya cak, don kowa a ƙasar nan ya san abin bautarsu ya hana su sa ƙafa a ruwa in sun fito yaƙi.

Shi ya sa tun bara mutanen gari suka kakkafa bukkoki bisa turaku a tsakiyar tafki. Har matarsa Ablawa, 'yar masunta, ta kwashe yara ta bi su. Gandonu ne ya ƙi, shi da maƙwabcinsa Zanu. Tsofaffin nan biyu tun suna samari suke zagin juna a kan bishiyar manja guda da ta tsiro a iyakar gonakinsu, amma a kan abu ɗaya bakinsu ya zo ɗaya. Sun tsiyaya bammi a ƙasa, sun rantse da kakanninsu ba za su taɓa shiga jirgi ba. Wai su manoma ne, ba kwaɗi ba.

Babban mayaƙan, wani ƙato mai giɓi, ya tsuguna a gaɓa ya sassauta murya.

"Baba, fito mana. Sanyi zai kama ka."

"Na gode, ɗana. Nan ma da daɗi."

"Akwai kada fa a wajen nan."

Gandonu ya saci kallon ƙafafunsa. "To, kada dai ci yake yi. Ban taɓa jin ya sayar da mutum ba."

Wani mai zafin kai a cikinsu ya ɗaga bindiga, mai giɓi ya buge ta. "Kai, wa ka taɓa gani ya sayi gawa?"

Suka jefo igiya, Gandonu ya ja baya, ruwa ya kawo masa gwiwa. Wani abu mai santsi ya shafi ƙwaurinsa, ya kira sunan uwarsa da ta daɗe a ƙasa.

Can mai giɓi ya yi murmushi irin na wanda dabara ta faɗo masa. Su aka hana shiga ruwa, ba a hana kamammu ba. Ya je layin mutanen da suka ɗaure, ya zaro ɗaya, ya ɗaura masa doguwar igiya a ƙugu.

"Shiga ka fito mana da shi. In ka kawo shi, mu sake ka."

Gandonu ya duba. Duk faɗin garin nan a rasa wanda za a aiko masa sai Zanu.

Zanu ya shigo yana ɗaɗɗaga ƙafa kamar mai tafiya kan ƙaya, bakinsa kuwa bai mutu ba.

"Ɓarawon manja, ashe kana wanka?"

"Kai ma ga ka nan, ai."

"Doyar nan ma daga kunyar gonata ka tono ta. Na gane kanta."

"Ƙarya kake. Yaushe gonarka ta taɓa haifar irin wannan?"

Mayaƙa suka bushe da dariya. Zanu ya ci gaba da matsowa yana zazzaga zagi, har da na kakan Gandonu da ba a san kabarinsa ba, sai da igiya ta kusa ƙarewa. Da ya zo dab da shi, ya yi ƙasa da murya.

"Ba za su sake ni ba, kai ma ka sani. Matarka ta ji bindiga, ga ta can bayan ciyawa da kwale-kwale. Ja baya."

"Da zurfi, Zanu."

"Na ce ja baya, tsohon banza."

"Mun rantse fa."

Zanu ya yi tsaki, ya sa hannu biyu a ƙirjinsa ya hankaɗa shi da duk ƙarfin da ya tara na shekarun gabarsu.

Gandonu ya tafi tsundum. Doya ta yi nata wuri, ƙasa ta ɓace a ƙarƙashinsa, ya sha ruwan da bai sha ba tun da aka haife shi. Yana cikin sallama da duniya aka damƙi zanensa ta baya, aka jawo shi aka kifar da shi cikin kwale-kwale kamar tarwaɗa.

"Sannu da zuwa, Maigida," in ji Ablawa, tana tura jirgi da doguwar sanda. "Yaya ka sami garin kwaɗi?"

Ya yi tari, ya amayar da laka. "Koma. Koma ki ɗauko Zanu."

Amma ina. Tuni mayaƙa suka finciki igiya, suka jawo Zanu a rigingine har kan tudu, suka rufe shi da duka. Duk da haka ya samu ya ɗago kai.

"Manjan nan nawa ne!" ya ƙwala. "Ka taɓa ka gani!"

Gandonu ya buɗe baki zai rama, kamar yadda ya saba kowace safiya, sai ya ga an sake kai wa Zanu duka. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya ƙanƙame gefen kwale-kwale da hannu biyu, yana kallo aka mayar da Zanu cikin layi, layi ya miƙe ya nufi kudu.

"Ina za su kai shi?"

"Bakin teku. Su zuba su a jirgin Turawa."

"Jirgi?"

"Jirgi mana. An ce ya fi kasuwarmu girma."

Gandonu ya juya ya dubi kudu.

"Amma ai ya rantse," ya ce.

Ablawa ta gyara tsayuwa. Ta kafa sanda a laka, ta tura su gaba.