Harsashin Jan Ƙarfe na Sulaimanu

Sulaimanu mutumin Mai Wurno ne, can ƙasar Sudan, gidansu kuwa gidan maharba ne tun kaka da kakanni. Da zama ya kawo shi Alƙahira, bai zo da wata sana'a ba sai wadda ya buɗe ido ya tarar: narka dalma, zuba ta a mazubi, ɗura harsashi. Allah kuwa bai bar shi ba. Wani kulob na masu wasan harbi, a bayan gari kan hanyar Fayyum, ya ɗauke shi, aka ba shi ɗan ɗaki mai taga ɗaya da tukunyar dalma. Shekara goma sha tara bawan Allah yana shaƙar hayaƙin nan.

Hannu ne ya fara tona asiri. In ya ɗauki kofin shayi sai ka ji yana kaf-kaf a kan faranti. Likita ya auna jininsa, ya ce dalma ce, in bai rabu da tukunyar ba wata rana ko cokali ba zai iya riƙewa ba. To barin aikin kuma ina? Baƙo ne, shekarunsa hamsin da takwas, ga shi shekara biyu ke nan bayan juyin juya halin Masar, 'yan gari ma neman abin yi suke.

Sai ya ƙudurta yin harsashin da ba ko ɗigon dalma a cikinsa, jan ƙarfe zalla. Ya zana siffarsa a bayan kwalin magani, dogo siriri mai tsagi a kugu. Wani maƙeri a unguwarsu ta Arba wa Nus ya riƙa fiƙe masa a inji, a ɓata a sake, har wata goma sha huɗu. Matarsa Awadiyya, mai kiransa Abu Mawada da sunan 'yarsu, har tsokanarsa take yi.

"Abu Mawada, ni da ka kawo mini jan ƙarfen nan da tuni na yi munduwa biyu."

"Ki bari ya ci jarrabawa, munduwar zinariya zan sa miki."

"Ni hannunka nake so ya tsaya, ka riƙe zinariyarka."

Kaftin Raf'at, wanda ke kula da filin harbin, mutum ne mai kirki amma ba ya son dogon zance. Ya ce a kawo guda biyar ranar Talata da safe. In aka harba suka taru a allon saiti wuri ɗaya, kamar faɗin tafin hannu, zai kai maganar gaban kwamiti a rufe ɗakin dalma. In suka watse, khalas, magana ta ƙare.

Sulaimanu ya ɗura biyar ɗin a ɗakinsa na kulob, kowanne da nasa awon albarushi, don shi kansa bai san wanda sabon harsashin zai fi so ba. Hantsi ya ɗaga, iska ba ta motsi, aka kafa allon takarda can gaban tudun yashi. Kaftin, da ke kiransa Ammu, wato baffa, ya miƙo hannu.

"Kawo, Ammu Sulaiman, ni zan harba."

"A'a, ya Kaftin."

"Kai dubi hannunka mana! Ko raƙumi aka tsayar maka a can ba za ka same shi ba."

Su a gidansu akwai ƙa'ida. Ɗurin da ba a san halinsa ba, wanda ya ɗura shi ne ke sa kuncinsa a jikin bindiga. In za ta fashe, ta fashe a fuskar mai laifin. Wani kawunsa ya taɓa miƙa wa maƙwabci sabon ɗuri, mutumin ya ƙare rayuwarsa da ido ɗaya, tun daga ranar ba wanda ya ƙara.

"To harba na farko, ka ba ni sauran," in ji Kaftin.

"Kowanne da awonsa, ya Basha, ranka ya daɗe. Duk biyar ɗin na farko ne."

Kaftin ya buga tafi, ya ɗaga ido sama. "Ya Rabbi, taurin kan mutanen Sudan! Yalla, bismillah."

Sulaimanu ya zauna, ya ɗora bindigar kan buhun yashi, ya yi bisimilla. Ta madubin bindigar yana ganin baƙin ɗigon allo yana rawa, sama, ƙasa, gefe. Ya riƙe numfashi har idonsa ya kawo ruwa, ya ja kunama. Na farko ya faɗa can kusurwar hagu. Na biyu ya huda gefen baƙin, Kaftin har ya ce "Tamam!" Na uku da na huɗu, ɗaya gabas ɗaya yamma. Kafin na biyar hannun ya gaji, yatsan ya fizge tun bai shirya ba, ƙura ta tashi a yashi, allo ko gezau.

Kaftin ya je ya ciro takardar da kansa, ya daɗe yana kallonta.

"Ma'alish, yi haƙuri, Ammu. Me zan nuna wa kwamiti? Ni na san mai yiwuwa hannun ne ba harsashin ba. Amma su ramuka za su ƙirga." Sannan ya ƙara a hankali, "Akwai gasa ƙarshen wata. Ranar Asabar a hura tukunya."

Mota uku ya hau kafin ya isa gida, la'asar sakaliya. Awadiyya na tsinke ganyen mulukiya na miya a bakin ƙofa. Ba ta tambaye shi ba, fuskarsa ta gaya mata. Ya zauna a kan tabarma ya ba ta labarin tiryan-tiryan, bai rage komai ba.

Ta ture tiren gefe. "Mutum ya ce ka ba shi ya harba, Abu Mawada. Da bakinsa ya ce."

"In ta fashe masa a fuska fa? Yana da 'ya'ya uku."

"Ta fashe?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba ta fashe ba."

Ta jawo tiren ta ci gaba da tsinka, hawaye na ɗiga kan ganyen, ba ta share ba. Can ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Asabar ɗin za ka je?"

"Zan je."