Kar Ka Taɓa Akwatin Baba

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya zaunar da Baba ya ɗaure masa harshe, abu ɗaya ya rage masa na jin daɗin duniya: tsohon akwatin rediyonsa mai fuskar gilashi da lasifika biyu. Shi ma akwatin tsufa ya cim masa. Ka murɗa maɓallin ƙara murya, sai ƙarrr kamar ana yaga ƙyalle. Ka danna na sauya tasha, lasifika ɗaya ta yi gum.

Auta ne ya ce zai gyara. Auta fa, wanda tun yana rarrafe babu karatun da ya fara haddacewa sai "kar ka taɓa!" Baba gyaran rediyo ya yi har ƙarfinsa ya ƙare, ya buɗe cikin na mutanen duniya, amma nasa ko ƙuda ya sauka a kai sai ya ji tsawa. Yau ga yaron da gemu, ya ɗauko akwatin ya aza kan tebur a tsakar falo, ya juya fuskar akwatin wajen kujerar Baba.

"Datti ne kawai a maɓallan, Baba. Feshi zan yi musu in goge. Ka daina hararata."

Ya jona wayar a bango ya kunna don ya ji inda kukan yake. Bai gama murɗawa ba aka ɗauke wuta.

"Shi ke nan, sun hutar da ni," in ji shi. Ya cire wayoyin lasifika, ya kwance murfi, ya zagaya baya ya sunkuya.

Baba ya bi wayar wuta da ido. Ta sauko daga tebur, ta wuce ta gaban ƙafarsa, ta shige bayan kabad. Tana nan a jone. Maɓallin kunnawa kuma yana nan a danne. Baba ya tattara ƙarfinsa zai ce "cire," abin da ya fito gurnani ne.

"Na sani, na sani. Kar in taɓa."

Auta ya fesa maganin wanke datti cikin maɓalli na farko, ya murɗa hagu ya murɗa dama, ya sa auduga a tsinke ya zaro baƙin datti. Hannunsa ba laifi, Baba ya gani, kuma da a wata rana ce da ya ji daɗi. Amma maɓallin kunnawa yana can ƙurya, inda wayoyin wuta suke tsirara, kuma can yaron ya nufa da sukundireba, yatsunsa jiƙe da feshi.

Sai ƴar fitilar da ke fuskar gilashin ta yi ja. An kawo wuta.

Rana ce tsaka, fanka a kashe, lasifika a cire, babu abin da ya motsa a ɗakin. Fitilar nan Baba kaɗai take kallo. Ya buga hannun kujera da hannunsa mai lafiya, ya buga, ya ƙara bugawa, miyau na zuba a haɓarsa.

Auta ko ɗago kai bai yi ba. "Haba Baba! Ina da 'ya'ya fa yanzu. Sau ɗaya dai a duniya ka yarda na iya wani abu."

Maganar ta soki Baba. Shi ya koya wa yaron nan cewa muryarsa ma'ana ɗaya gare ta, yau kuma ga ranar da yake bukatar a ji wata. Tsoro ya cika shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da ya faɗi.

Sandarsa mai lanƙwasa tana jingine da kujera. Ya kamo ta, ya laluba ƙasa, wayar ta zille. Ya sake. Ta shiga lanƙwasar sandar. Ya san soket ɗin bayan kabad, shi da kansa ya matse shi don kada yara su zare. In ya ja, ba bango ne zai saki ba, akwatin ne zai biyo.

Bai tsaya kallon akwatin ba. Ya fizga da duk abin da ya rage a jikinsa.

Akwatin ya suɓuce daga ƙarƙashin hannun Auta, ya daki ƙasa da fuska, ya kife gefe. Gilashi ya watsu har ƙarƙashin kujera.

Auta ya miƙe, sukundireba a hannu, idonsa ya kaɗa. "Gara ka fasa shi da in taɓa? Har abin ya kai nan, Baba?"

Baba ya ɗaga sandar da kyar, ya nuna ƙasa.

Cikin fasasshen gilashin fitilar tana nan ja. Wani abu ya yi tartsatsi daga ƙuryar da hannun Auta ya nufa, hayaƙi mai wari ya taso, sannan ta mutu.

Auta ya dubi jiƙaƙƙun yatsunsa. Ya dubi wayar da ta shige bayan kabad. Sukundireban ya faɗi daga hannunsa.

Ya tako kan gilashin ya durƙusa gaban kujerar. Baba ya saki sandar ya kamo hannun nan na dama, ya juya tafin ya juya bayan, yana duba yatsun ɗaya bayan ɗaya. Da ya ga lafiyarsu lau, bai saki ba.