Tsumma a Maƙogwaron Babur

Auta ce ta cusa tsumman. Yaya ya nuna mata wurin, cikin akwatin da injin babur ɗin Baba ke shaƙar iska, ya ce hannunta ya fi siranta. Tun da aka sallamo Baba daga asibiti likita ya hana shi hawa babur, saboda jiri da rawar hannu. Baba ya ce ya ji, washegari kuma aka gan shi yana goge madubi.

"Idan ya ga babur ɗin yana tari yana kakkarwa, zai haƙura da kansa," in ji Yaya. "Ba faɗa, ba ɓacin rai."

Da hantsi Baba ya turo tsohon babur ɗin tsakar gida ya buga masa kik. Injin ya tashi da ƙyar, yana gurnani yana yankewa, sitiyari na karkarwa har madubin ya sunkuya. Baƙin hayaƙi ya bi ta kan shanyar Mama.

"Malam, kayana fa na wanke!" in ji Mama.

"Yi haƙuri, abokina ne ba lafiya. Auta, miƙo sufana."

Ta miƙa, ba ta dube shi ba. Ya kwance fulogi ya ɗaga shi wajen haske. Bakin ya yi baƙi ƙirin.

"Kin gani? Ya sha mai ya wuce kima."

Ya kankare shi ya mayar. Ya bi notunan da ke riƙe da injin ɗaya bayan ɗaya, duk a ɗaure suke. Ya zuba fetur a murfin gwangwani ya duba ko da ruwa, babu. Ya sake tayarwa, ya kara kunne kusa da kafireta, idonsa a rufe, kamar yadda take ganinsa tun tana rarrafe. Can ya yi murmushi.

"Numfashi yake nema. An shaƙe shi. Buɗe akwatin iskar nan."

Ya fara gwadawa da kansa. Sukundireba ta riƙa zamewa daga kan ɗan ƙaramin notin, hannun ya ƙi tsayawa. Ya miƙa mata, ya koma kan benci.

Ta durƙusa, bayanta ya kare masa gani. Ga tsumman nan a dunƙule, yagen tsohon ɗankwalinta, ya jiƙe da mai. Yatsa biyu sun isa su zaro shi. Ta tuna ranar da aka kai Baba asibiti a kwance, Mama na bin motar ba takalmi.

"Me kika gani?"

"Ba komai, Baba. Fes yake."

"Kin duba har ciki?"

"Har ciki."

Ya dubi babur ɗin, ya dubi hannuwansa a kan gwiwa.

"Injin nan bai taɓa yi mini ƙarya ba," ya ce a hankali. "Ashe kunnen ma ya bi hannun."

"Baba, ai ko bakanike yakan..."

"Rufe, 'yar nan. Kada ƙura ta shiga."

Ta mayar da murfin, ta ɗaure notunan tamau. Ya zare makullin babur ɗin daga igiyar da ke wuyansa ya sa mata a tafin hannu.

"Ki ba yayanki. Ya yi yadda ya ga dama da shi."

Ya tashi ya shiga ɗaki, bai ko kwashe sufanunsa ba. Mama ta leƙo daga kicin ta ɗaga mata gira, tana tambaya da ido. Auta ta gyaɗa kai. Makullin yana hannunta, da sauran ɗumin ƙirjinsa a jiki.